Kifin Maharazu

Yaran yanzu bakinku ya fi ƙafarku sauri, kuma ba ku san cewa magana zarar bunu ce ba sai ta ƙone muku ɗaki. Ku zauna ku ji abin da ya sami Maharazu.

Maharazu ɗan kasuwa ne a cikin birnin Daura, ya yi kuɗi tun gemunsa bai cika ba. Shekarar da aka fara shari'a ya ɗage wando, ya shiga sahun gaba a masallaci. Kambun fata da ya gada daga kakansa, wanda ba ya rabuwa da damtsensa, ya cire shi ya gaya wa jama'a ya ƙone, ya ce shirka ce. Matarsa Hasana ta yi murna. Sau biyu ya taɓa sakinta kan abin da bai kai ya kawo ba, ta ɗauka yanzu ya natsu.

Sai ya dawo daga Legas da akwatin gilashi mai tsawon gado. Aka shimfiɗa farin yashi, aka dama gishiri na musamman, aka saki ƙananan kifaye masu launi da dodon koɗi. A ƙarshe aka saka babban, kifin teku mai haƙora da ake kira shak, tsawonsa kamu ɗaya. Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga Zango. Suna ya hau kan Maharazu, aiki ya hau kan Hasana. Ita ke auna gishiri, ita ke yanka nama, ita ke gudu ta sa a tada janareta in an ɗauke wuta.

Bayan 'yan watanni ƙananan kifayen suka fito da fararen ɗigo kamar an barbaɗa musu gari. Suna goga jiki a duwatsu, suna haki. Mutumin Legas da ya sayar masa da kifayen ya aiko da shuɗin magani a kwalba, ya yi bayani ta waya. Ƙwayoyin cuta ne ke cin fatarsu, kuma tagullar da ke cikin maganin ita ke kashe su. Amma a kwashe ƙananan a yi musu magani a wani mazubi dabam, domin tagulla guba ce ga shak, ko kaɗan ce.

Maharazu ya ce shi dai bakin mutane yake zargi.

Hasana ta bi umarni. Ta kwashe kifayen ta kai baho a bayan gida. Ta ware musu kofinsu da rariyarsu, kuma ba ta komawa falo sai ta wanke hannu har gwiwa. Wata safiya ta tarar da mijin tsaye gaban akwatin, hannun rigarsa jiƙe har kafaɗa. Ya ce dutse ne ya goce ya gyara. Ta yi mamakin ƙarfin halinsa, don ba mai sa hannu a ruwan nan.

Kifayen baho suka warke. A cikin akwati kuwa dodon koɗin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shak ya daina cin nama. Ya kwanta a ƙasa yana buɗe baki yana rufewa, cikinsa ya yi ja. Ran wata Juma'a, ana dawowa daga masallaci, aka same shi a kife.

Mutumin Legas ya aiko da abin gwada ruwa. Aka gwada, aka sami tagulla.

"Wa ke riƙe da kwalbar?" in ji Maharazu.

"Ni ce, Alhaji. Amma wallahi ko ɗigo bai shiga ba."

Mahaifiyarsa Iya ta fito tana dogara sanda. "Kai, riƙe bakinka. Igiya ɗaya ta rage tsakaninku. Kifi ne fa."

"Ta gaji da yi masa hidima ne, Iya. Je ki, na sake ki."

Hasana ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta ɗauki mayafi ta tafi gidan iyayenta a Sandamu. Kafin mako ya zagayo ya yi nadama, ya bi malamai, ya je har gaban alƙali. Amsa ɗaya ya samu: uku sun cika, babu damar kome sai ta auri wani.

Ranar da ta zo kwashe kayanta tare da ƙannen mahaifinta, ta tarar ana zubar da ruwan akwatin, don wani ya sayi akwatin. Maharazu ya tare ma'aikatan ya ce su bar yashin, shi zai kwashe da kansa. Iya ta ce ba ta son wari ya kwana mata a gida, a juye yanzu. Aka juye a tsakar gida, a gaban kowa.

Wani abu ya gangaro ya tsaya kusa da ƙafar Hasana. Ta duba, ta ɗaga kai ta dubi damtsen Maharazu, sannan ta ce wa masu kaya su ɗaure gadon su tafi.

Maharazu ya tsuguna, bai iya ɗauka ba. Kambun kakansa ne, wanda ya ce ya ƙone, ashe ya binne shi da hannunsa a cikin yashin don ya kare kifin daga bakin mutane. Gishiri ya cinye fatar, ya tona zoben tagullar da ke ɗinke a ciki.