Baƙin Mai a Ƙarƙashin Motar Baba

Shekara biyu ke nan da tafiyar Baba Kudu neman aiki, a shekarun tsadar nan da ko sabulu sai an bi layi. Akori-kurarsa na bayan gidanmu a ƙauyen Bagwai, ɗore kan duwatsu, an sayar da tayoyin.

Wata la'asar, hadarin farko na haɗowa, Inna ta samo baƙin mai a gwangwani wajen mai injin niƙa. Ta shimfiɗa buhu, ta shige ƙarƙashin motar tana shafe ƙarfen da tsumma. Ina tsugune, ƙafafunta kawai nake gani.

Na ce, "Inna, motar da ba ta tafiya?"

Ta ce, "Tsatsa ta ƙasa take farawa, inda ba mai dubawa. Kada ya dawo ya tarar ta cinye."

"Yaushe zai dawo?"

Ta ci gaba da shafawa. Man ya ƙare, na ji tsumman ya yi shiru, amma ta daɗe ba ta fito ba.

Yau na wuce shekarunta na wannan rana. Sai yanzu na gane nan ne kaɗai za ta yi kuka ban gani ba.