Tofi a Bayan Gilashi

Surukinta ya ɗaga labule zai shiga wajen jikarsa, uwar yarinyar ta tare ƙofar da jikinta. Tunda aka kawo ta gidan nan na Mandawari ba ta taɓa haɗa ido da shi ba sai yau.

"Baba, a yi haƙuri. Likita ya ce sankarar jinin ta cinye garkuwar jikinta. Zazzaɓin da ya kusa tafiya da ita, ƙwayar cuta ce ta shige ta. Ko yawu ba a so ya taɓa ta."

"Tofin nawa ne ya zama cuta?"

Ya juya ya tafi.

Ta kasa zama. Ta wanke hannu, ta taɓa goshin 'yarta, ta leƙa tsakar gida, ta sake wanke hannu.

"Umma, yau Malam ba zai min addu'a ba?"

Ta gyara mata bargo.

Bayan la'asar ta ji motsi a bayan ɗaki. Tsohon ne tsaye, bakinsa dab da gilashin tagar da ke rufe, yana tofi. Yarinyar ta miƙa tafinta daga ciki, ta shafo gilashin, ta shafe fuskarta.