Tsohon da Ya Zo Neman Akwati

"Maganinmu na Sin ko na Turawa, Baba?" ma'aikacin asibitin sadaka na Hong Kong ya tambayi tsohon ɗan dako.

"Wanne ya fi kisa?"

"Na Turawa mana. Yanka suke yi."

Tsoho ya zaɓi wuƙa. Ciwon ciki ya gama da shi, kuma asibitin kan ba mamaci akwatin gawa kyauta, a kai shi ƙauye a binne kusa da kakanninsa.

Ya farka da ciki a ɗinke, ga yunwa kamar ta kashe shi. Ya lallaɓa wurin mai maganin saiwoyin Sin na asibitin, ya miƙa hannu a ji bugun jininsa.

"Baba, kai da mutuwa sai nan da shekara ashirin."

Tsoho ya dafe kai. "Har da ku aka haɗa baki! To, akwatina fa?"