Muryar Umma a Tsohon Faifai

Tana danna maɓallin ta gane ta juya tsarin. Yaya ya sha gaya mata cewa a layin umarnin kwamfuta, inda za a ɗauko ake fara rubutawa, sannan inda za a kai. Ita kuwa sabon faifan da ba komai ta sa a gaba, tsohon a baya. Umarnin kuma share duk abin da babu a na farkon yake yi.

A tsohon faifan ne muryar Umma take, saƙonnin da ta turo musu kafin rasuwarta. Babu su a ko'ina sai nan.

Sunayen saƙonnin suka riƙa gudu a baƙin allo, kowanne da kalmar sharewa a gefensa. Ta kira Yaya a waya.

"Yaya, na share Umma."

Tana jin ƙarar motoci a bayansa, ya ce, "Auta, karanto min abin da kika rubuta. A hankali."

Ta karanta. Da ta zo kan ɗan layi da harafin n, ya tsayar da ita.

"To sarkin tsoro, wa ya sa wannan?"

Ba ta ma san ta rubuta ba. Alamar gwaji ce, mai nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba. Yatsunta ne suka tuna, saboda ranƙwashin da ta sha a kanta wurin Yaya.

Ta buɗe saƙon farko.

Umma ta ce, "Auta, kin dai ci abinci ko?"