Lallen Gwaggo Tabawa

A motar Gusau, abin da ke jakata ke nan: na'ura ɗaya, batir biyu, ƙullin lalle.

Tun da aka daina kuɗin takarda, da tafin hannu ake biya, kuma na'urar banki ba ta karanta hannu mai lalle. Jibi Sallah, amma duk matan motar ba mai ƙunshi.

Na tarar da Gwaggo Tabawa, mai ƙunshin unguwarmu, tana kwashe kayan shagonta.

"'Yar Turai, wa za ta yi ado ta kwana da yunwa?"

"Na'urar da na ƙera murya take ji, Gwaggo. Ki sa mini, gobe 'yan kasuwa su gwada a kaina."

"In ta ƙi fa? Sati uku ko gishiri ba ki saye."

Na rufe ƙofa, na miƙa mata hannu biyu.

"Har wuyan hannu. Shagon nan ba ya tashi."