Hotunan Kamun Mubaraka

Duk Gwandu, in ana kamu ko sa lalle, Hafiza ake kira. Mace ce mai ɗaukar hoto, don haka har ƙuryar ɗaki take shiga, inda mata ke yar da mayafi su taka rawa ba mai ganinsu. Shekara huɗu tana wannan sana'a, hoto ɗaya bai taɓa fita ba.

Kwana biyu bayan kamun wata amarya mai suna Mubaraka, laftof ɗin Hafiza ta rikice. Tun da ta soka memorin wata ƙawar amarya, sai kwamfutar ta riƙa nauyi, shafuka na buɗe kansu, hotuna na ɓacewa suna dawowa.

Ta kira maƙwabciyarta Salamatu, malamar kwamfuta a wata sakandare.

"Bairos ne," in ji Salamatu. "Kashe data yanzun nan. Ki kwashe hotunan mutane ki aje daban. Jibi in na dawo daga Birnin Kebbi mu sauko da antibairos daga shafin kamfanin da ya yi shi, mu wanke ta tas."

"Jibi? Uwar amarya ta hana ni sakat, Malama!"

Ba ta jira ba. Ta saka laftof a jaka ta hau mota sai Kalgo, shagon Shamsuddeen, ɗan kawunta mai gyaran waya da kwamfuta. Tare suka tashi, taubasai ne.

"A'a, baƙauyar Gwandu! Mi kika lalata kuma?"

"Rufe min baki, ɓarawon tuwo. Duba min wannan. Amma Shamsu, sirrin matan mutane ne a ciki. Amana."

Ya dafa ƙirji. "Ni da ke? Haba Hafiza."

Ya zaro wani ɗan filas na kwamfuta daga aljihu ya soka. Nan take kwamfutar ta fito da jan gargaɗi. Hafiza ta zabura.

"Kishi ne kawai," ya ce yana dariya. "Antibairos ɗin da ya zo da ita ba ya son ganin wanda ya fi shi." Ya kashe na asalin, ya ɗora nasa. "Wannan babba ne, na manyan kamfanoni. An fasa mana makullinsa, ba biya, ba rajista, ba sabuntawa."

Kwamfutar ta ɗan saki. Hafiza ta yi ta sa masa albarka, ta koma gida ta kunna data ta ci gaba da aikinta.

Ranar Laraba da hantsi wayarta ta fara ruri. Uwar amarya ce.

"Hafiza, mi muka yi miki? Ɗiyata ba lulluɓi, ni kaina ba kallabi, kin baza mu duniya!"

Hafiza ta yi maza ta duba shafinta na sada zumunta. Ya ƙi buɗuwa, an canja kalmar sirri. Ta karɓi wayar mijinta ta leƙa. Ga hotunan kamun Mubaraka nan jere, da na wasu bukukuwa uku, ƙarƙashin sunanta, an rubuta a sama: "Zafafan mata masu neman abokai." Nan take ta kira Salamatu.

Salamatu ta zo a guje. Ta katse intanet, ta cire abin da Shamsuddeen ya ɗora, ta sa antibairos na gaskiya ya bi kwamfutar lungu-lungu.

"Ga ɓarawon nan," ta ce tana nuna gilashin kwamfutar. "Bairos ɗin farko ɗan ƙarami ne. Wannan da aka ce miki magani ne, shi ya kwashe hotunanki da kalmomin sirrinki ya aika wa waɗanda suka fasa shi."

Hafiza ta sake hawa motar Kalgo. Ta tarar da wani dattijo yana fita daga shagon yana huci, yana cewa wata biyu ke nan yana gaya wa Shamsu abin da ya sa masa ya cuce shi.

Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Wata biyu, Shamsu? Ashe ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Mutum biyu ne kawai suka yi ƙorafi. Na ɗauka sakacinsu ne. In na daina sawa, kwastoma za su ce ban iya aiki ba."

"Na ce maka amana. Ka dafa ƙirji."

"Haba baƙauya, a yi haƙuri mana..."

"Kar ka ƙara yi min wasa. Wasan ya ƙare."

Salamatu ta wanke kwamfutar, an kai ƙara an rufe shafin. Amma hotunan sun riga sun shiga wayoyi. Mubaraka ta yi wata guda ba ta leƙa ƙofar gida ba.

Da aka zo bikin 'yar ƙanwar mijinta a Dodoru, Hafiza ta rataya kyamara ta tafi. Wata tsohuwa ta tare ta a zaure.

"Ke dai tamu ce, ki shiga ki ci abinci. Amma wannan abin na wuyanki, bar shi nan."

Hafiza ta cire kyamarar ta miƙa. A ciki, tana shiga matan suka fara jawo mayafansu.

Jama'a, kwamfutar da ta kamu da bairos a raba ta da intanet, a killace abin da ke ciki, sannan a wanke ta a gaban idon mai ita. Antibairos kuwa a ɗauko shi daga shafin kamfaninsa, ko da na kyauta ne, a riƙa sabunta shi. Wanda aka fasa, ko ɗan'uwanka ne ya miƙo maka, kada ka yarda.