Hannun da Ya Riƙe Tocila

Da la'asar ne Baba ya kwaso batiran da ya shanya a rana, ya gartsa wa kowanne cizo, wai don su ƙara ƙarfi. Tocilar tamu kuwa, idon kyanwa ya fi ta haske. In ka haska kare da ita, hamma kawai yake yi.

A makon nan an sace shanun huɗa a maƙwabta, mu kuma sa ɗaya gare mu.

"Zo nan, sarkin surutu," in ji Baba. "Riƙe tocilar mu gani."

Na manna ta a ƙirji, na buga ƙafa kamar soja. Ya ɗan zungure ni da gora a ciki.

"Ka mutu. Ɓarawo ba ya ganinka, haske yake sara. Miƙa hannun hagu can gefe, nesa da jikinka. Gora a dama."

Na miƙa har na kusa faɗawa kan akuya, ina ihu a turo mini ɓarayin duniya. Baba ya yi dariya. Inna tana surfe, ko murmushi ba ta yi ba.

"Malam, in sun zo ka bar musu san nan."

"Mu yi huɗa da me? Da bakin ɗanki?"

Ɓarayin sun zo kafin damina. Baba ya yi daidai yadda ya koya mini, suka sari hasken. Sa ya tafi, hannun ma likita bai iya ceto shi ba.

Har yau ana yaba dabararsa a dandali, wai ita ta tsirar da ransa. Cikin masu yabon babu wanda ya taɓa ɗaura masa mazagin wando.